Farfesa Nina Etkin: Masaniyar da ta bi sawun magani cikin abincin Bahaushe

Farfesa Nina Lilian Etkin (1948–2009) ba'amurkiya ce, masaniyar ilimin ɗan Adam da al'adunsa, wadda ta shafe fiye da shekara 30 tana nazari da rubutu a kan tsirran da Hausawa ke ci da waɗanda suke sha domin neman lafiya. Sunanta bai yi tashe a kasuwannin Kano ko Sakkwato ba, amma a jami'o'in duniya da wuya a koyar da darasin magungunan al'ummu ba tare da an ambaci aikinta a ƙasar Hausa ba.

Abin da ta kafa wa hujja shi ne cewa a wajen Bahaushe abinci da magani gida ɗaya suke. Ganyen da uwargida ta kaɗa miya da shi yau, shi za a jiƙa wa mai ciwon ciki gobe. Saboda haka duk wanda ke son auna amfanin wani tsiro ko illarsa, bai isa ya tsaya ga abin da mai magani ya bayar ba, sai ya leƙa tukunyar miya, ya kuma duba a wane lokaci na shekara ake cin abin, da yawan da ake ci.

Rayuwarta da karatunta

An haifi Nina Etkin a birnin Niyok na ƙasar Amurka a shekarar 1948. Ta yi digirinta na farko a fannin nazarin dabbobi a Jami'ar Indiyana, ta kammala a 1970, sannan ta koma ilimin ɗan Adam a Jami'ar Washintan da ke birnin Sant Luwis, inda ta samu digirin digirgir a 1975. Wannan haɗin karatu ne ya bambanta ta da yawancin takwarorinta. Ta iya zama da tsofaffi a ƙauye tana tambaya tana rubutawa, ta kuma iya aikin ɗakin gwaje-gwaje, musamman a kan jajayen ƙwayoyin jini da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro.

Ta koyar a Jami'ar Minesota, kafin ta koma Jami'ar Hawai a 1990, inda ta ci gaba da aiki har zuwa rasuwarta a watan Janairun 2009 tana da shekara 60. Yawancin aikinta na ƙasar Hausa tare ta yi shi da mijinta, Paul Ross, kuma sunan abokin aikinsu Ibrahim Mu'azzamu ya fito tare da nasu a wasu daga cikin rubuce-rubucen.

Waɗanda suka riga ta

Ba Etkin ce ta fara rubuta ilimin tsirran ƙasar Hausa ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, ya bar rubuce-rubuce da Larabci a kan magani, ciki har da na ciwon ido da na basir. A zamanin mulkin Turawa kuma, likita ɗan Sikotland J. M. Dalziel (1872–1948) ya zagaya Arewacin Nijeriya yana tattara tsirrai da sunayensu. A 1916 ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, a 1937 kuma ya fitar da babban littafinsa mai suna The Useful Plants of West Tropical Africa, wanda ya lissafa amfanin tsirran Afirka ta Yamma. Daga baya H. M. Burkill ya sake gina littafin a lambun nazarin tsirrai na Kew da ke Landan, ya fito cikin juzu'i shida daga 1985 zuwa 2004. Itacen hano, wanda wasu ke kira ararraɓi, har yau da sunan Dalziel masana ke kiransa, wato Boswellia dalzielii.

Aikin Dalziel ya amsa tambayar farko: mene ne sunan wannan tsiro, kuma me ake cewa yana yi? Etkin ta ɗora tambayoyin da ke biye. Wa ke amfani da shi, yaushe, da wane irin haɗi, kuma me yake yi a jikin mutumin da ke cinsa kullum ko ba ya ciwo?

Zaman Hurumi

Etkin da Ross sun zauna a wani ƙauyen manoma da ke kudu maso gabashin birnin Kano a 1975 zuwa 1976, suka sake komawa a 1987 zuwa 1988. A rubuce-rubucensu sun kira ƙauyen Hurumi, sunan aro ne domin sakaya mutanen wurin, kamar yadda al'adar irin wannan bincike take.

Hanyar da suka bi tana da matakai huɗu. Sun tattauna da masu magani da kuma talakawan gari maza da mata, domin yawancin jinya a ƙauye a cikin gida ake yin ta, kafin a je wurin boka ko wanzami ko asibiti. Sun tattara samfurin kowane tsiro aka tantance sunansa na kimiyya, saboda suna ɗaya na iya nufin tsirrai biyu, tsiro ɗaya kuma na iya samun sunaye uku. Sun bi diddigin abin da gidaje ke ci a kowane yanayi na shekara, daga kaka zuwa rani, daga bazara zuwa damina. Daga ƙarshe suka gwada wasu daga cikin tsirran a ɗakin gwaje-gwaje. Komawar da suka yi bayan shekara 12 ta ba su damar ganin abin da ya sauya, musamman shigowar magungunan kemis cikin ƙauye.

Babban abin da aka gano

A maƙalarsu ta 1982 a mujallar Social Science and Medicine, wadda takenta ke nufin abinci a matsayin magani da magani a matsayin abinci, sun duba tsirran da mutanen Hurumi ke amfani da su wajen ciwon ciki, gudawa, atuni da makamantansu, suka tarar kusan rabinsu ana kuma cin su. Bincike na biyu ya faɗaɗa lissafin. Mutanen ƙauyen sun ambaci tsirrai fiye da 300 na magani da fiye da 100 na abinci, kuma in ban da 'yan kaɗan, duk tsirran abincin suna cikin jerin na magani.

Mai karatu Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba. Tsamiya ana dama kunu da ita, ana kuma jiƙa ta domin sakin ciki. Kuka miya ce, garin 'ya'yanta kuma ana ba mai gudawa. Yajin mai jego, da cittarsa da masoro da kimba da kanumfari, abinci ne da aka haɗa da niyyar gyaran jiki. Tafarnuwa, daddawa, zogale, rama da garafuni duk haka suke. Abin da ya zama sabo shi ne sakamakon da Etkin ta fitar daga wannan sananniyar gaskiya. Idan tsiro yana da sinadarin da ke aiki a jiki, to wanda ke cinsa a miya wata uku a jere ya fi shan sinadarin a kan wanda aka jiƙa wa kofi ɗaya ranar da ya kwanta. Ke nan babbar hanyar da maganin tsirrai ke shiga jikin jama'a ita ce ta akushi, kuma a lokacin masu binciken magunguna ba su lissafa ta.

Ta ƙara da cewa hanyoyin sun wuce abinci da jiƙo. Tsiro ɗaya na iya zama asawaki, ya zama turare, ya shiga kayan kwalliya, a yi sirace da shi, a kuma ba dabba. Duk waɗannan hanyoyi ne da sinadarinsa ke kaiwa ga jiki. A 1991 ita da Ross suka fito da wannan batu ƙarara a mujallar Journal of Ethnopharmacology, inda suka nemi masu nazarin magungunan al'ummu su sa abinci cikin lissafinsu.

Damina, rumbu da zazzaɓi

Sashen aikinta da ya fi jan hankalin masana shi ne na zazzaɓin cizon sauro. A ƙasar Hausa zazzaɓin yana tsananta ne daga tsakiyar damina zuwa farkon kaka. Lokacin ne kuma rumbu ke yin ƙasa, hatsin bara ya kusa ƙarewa, na bana bai nuna ba, sai gidaje su koma ga ganyayen da ruwa ya fito da su. A nan ake yawaita kwaɗon tafasa da na rama da na zogale, da miyar lalo da ta yakuwa, wadda Sakkwatawa ke kira sure. Etkin ta lura cewa wasu daga cikin tsirran da ake ci ko ake sha a wannan lokaci su ne waɗanda mutane ke ambata a matsayin maganin zazzaɓi da shawara.

Domin fahimtar gwajin da ta yi, sai an san inda ƙwayar zazzaɓin ke zama. Bayan ta bar hanta, a cikin jajayen ƙwayoyin jini take hayayyafa, kuma ba ta jure wani yanayi da masana ke kwatantawa da tsatsar ƙarfe, wato lokacin da sinadarai masu ƙuna suka yi yawa a cikin ƙwayar jinin. Wannan ne ya sa mutanen da aka haifa da ƙarancin sinadarin kariya da ake kira G6PD suke da ɗan sauƙin zazzaɓi mai tsanani, domin jininsu bai yi wa ƙwayar daɗin zama ba. Etkin ta gwada ruwan tsirrai irin su bagaruwa, sabara, tafasa, rai-ɗore da dogon yaro, wanda Kanawa ke kira darbejiya, ta ga suna haifar da irin wannan ƙuna a jajayen ƙwayoyin jini. Daga nan ta kawo ra'ayin cewa cin irin waɗannan tsirrai a damina na iya rage wa ƙwayar zazzaɓi ƙarfi a daidai lokacin da ta fi yawa.

Tunanin yana da madogara a tarihin magani. Kwinin daga ɓawon itacen sinkona na Kudancin Amurka aka fitar da shi a 1820. Atemisinin, wanda shi ne ƙashin bayan maganin zazzaɓi a yau, daga wani ganye na gargajiyar ƙasar Sin aka samo shi, kuma ta hanyar irin wannan ƙuna yake kashe ƙwayar cutar. Aikin ne ya jawo wa Tu Youyou kyautar Nobel a 2015.

Maganin kemis a hannun Bahaushe

A zuwansu na biyu sun tarar da kafso da ƙwayoyi da allurai sun cika kasuwannin ƙauye. A maƙalar 1990 da suka rubuta tare da Ibrahim Mu'azzamu, da wata ta 1992 a kan abin da likitoci ke kira illar gefe ta magani, sun nuna cewa mutane sun karɓi maganin bature ne da ma'aunin da suke auna na gargajiya. A fahimtar Bahaushe cuta abu ce da ta shiga jiki, waraka kuma sai ta fita. Shi ya sa ake son ƙyanda ta feso, ake ɗaukar amai ko gudawa ko sauyin launin fitsari a matsayin alamar magani ya kama aiki. Abin da likita zai ce illa ce a daina sha, majinyaci na iya ɗaukarsa shaidar cewa ciwo yana fita, har ya ƙara. Launin ƙwaya da ɗacinta su ma suna shiga cikin zaɓi, kuma sau da yawa ana haɗa ta da jiƙo ko a sha ta da kunu.

Wannan ya buɗe batun da ya shafi mutanen birni kai-tsaye, wato karon abinci da magani. Wasu masana sun tabbatar da shi da gwaji. A 1994 wani bincike a Sudan ya nuna cewa shan kulorokwin tare da zoɓo ko ruwan tsamiya ko na lemun tsami yana rage yawan maganin da ke shiga jini ƙwarai. A 1996 masana a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka nuna akasin haka ga asfirin, domin cin abinci mai tsamiya yana ƙara yawan asfirin da jiki ke ɗauka. Tsamiya ɗaya ce, ta rage wani magani ta kuma ƙara wani.

Littattafanta da tasirinsu

Etkin ta shirya littafin Plants in Indigenous Medicine and Diet a 1986, da Eating on the Wild Side a 1994, wanda ya tattara bincike daga sassan duniya a kan cin tsirran da ba shukawa ake yi ba. A 2006 ta wallafa Edible Medicines, littafin da ya tattara tunaninta a kan magungunan da ake ci, inda misalan ƙasar Hausa suka zauna kafaɗa da kafaɗa da na sauran nahiyoyi. Littafinta na ƙarshe, Foods of Association, ya fito a 2009, kuma ya duba abincin taro da abin sha da tasirinsu ga lafiya. Ta shugabanci ƙungiyar duniya ta masu nazarin magungunan al'ummu, sannan a shekarar da ta rasu ƙungiyar masana tsirrai masu amfani, Society for Economic Botany, ta ba ta babbar lambar yabonta.

Ana iya ganin tasirinta ta fuska uku. Na farko, tambayar ko ana cin tsiro ta zama abin da mai bincike na kirki ba ya tsallakewa, har aka samu jerin ayyuka a Turai da Asiya da Kudancin Amurka a kan abincin da ke magani. Na biyu, ta matsa wa masu ɗakin gwaje-gwaje lamba da su daina ɗauko sunan tsiro daga jeri suna gwadawa ba tare da sanin yadda masu shi ke sarrafa shi ba, domin jiƙo dabam, dafuwa dabam, kuma ƙara kanwa ko tsami na iya sauya abin da ke cikin ruwan. Na uku, ta nuna cewa yawancin tsirran da ake kira na daji a gonaki da iyakokinsu da bakin hanya suke, manomi ya san su, yana barinsu da gangan lokacin noma. Ta yi wannan bayani a mujallar Economic Botany a 2002, inda ta jawo hankalin masu kare muhalli cewa abin da talaka ke son a adana ba lallai ya zo ɗaya da abin da ke cikin jerin hukuma ba.

A cikin gida ma akwai misalin da ya yi daidai da tunaninta, ko da yake hanyarsa dabam ce. Maganin sikila na Niprisan, wanda Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa da ke Abuja ta samar a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Charles Wambebe, daga tsirrai huɗu aka haɗa shi, uku daga cikinsu kuwa kowace mai sayar da kayan yaji ta san su: masoro, kanumfari da karan dafi. A Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, masana kimiyyar sinadarai da na haɗa magunguna sun yi ta auna abin da ke cikin ganyayen yankin, yayin da Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya yi suna wajen nazarin magungunan Hausawa ta fuskar al'ada da rubutattun ayyukan malamai.

Abin da aikin ke nufi ga ƙasar Gobir

Etkin a ƙasar Kano ta yi zamanta, amma darasin ya fi nauyi a wurare irin su Tozai da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Isa da Sabon Birni, a gabashin Jihar Sakkwato, daura da Jihar Maradi ta Jamhuriyar Nijar. Ruwan sama a can bai kai na Kano ba, damina gajera ce, kuma tazarar da ke tsakanin ƙarewar hatsi da sabon girbi na iya yin tsawo. Saboda haka dogaro ga itatuwa da ganyaye ya fi ƙarfi. Aduwa, magarya, kurna, goruba, kanya, kalgo, sabara da yaɗiya su ne ke cike giɓin, kuma kowannensu yana da matsayi biyu. Aduwa ana tsotsa, ana fitar da mai daga ƙwallonta, ana kuma shan ta domin ciki. Sabara ana jiƙa wa mai jego da mai gudawa.

Anza ta fi kowanne nuna muhimmancin sanin hanyar sarrafawa. 'Ya'yanta suna da tsananin ɗaci, ba a cin su sai an jiƙa kwanaki ana sauya ruwa. Da wannan ilimi ne iyalai da dama a Nijar suka rayu a shekarun fari, har da yunwar 2005. A Damagaram akwai kamfanin Sahara Sahel Foods da ke sarrafa anza da aduwa zuwa kayan sayarwa. Ilimin jiƙon yana hannun mata, musamman tsofaffi, kuma ba a rubuce yake ba.

Wannan ilimi da itatuwan da ya dogara a kansu suna fuskantar barazana biyu. Ta farko ita ce sarar itace domin girki da gawayi. Ta biyu ita ce hare-haren 'yan bindiga, waɗanda suka addabi Isa da Sabon Birni shekaru da dama, har dubban mutane suka tsallaka zuwa Jihar Maradi tun daga 2019. Idan aka tashi ƙauye, lissafin asara yakan tsaya ga rayuka da gonaki da dabbobi. A ma'aunin Etkin akwai ƙarin asara, domin matar da ba ta iya fita bayan gari ta tsinko ganye ta rasa miya ta kuma rasa maganin farko na 'ya'yanta, yarinyar da ta tashi a sansani ko a birni kuwa ba za ta koyi bambanta ganye da ganye ba. Duk shirin tallafin abinci da ya tsaya ga buhun hatsi bai mayar da wannan ba.

A tsallaken iyaka akwai abin koyi. Tun daga 1983 manoman Jihar Maradi, tare da masanin aikin gona ɗan Ostareliya Tony Rinaudo, suka rungumi abin da ake kira sassaben zamani, wato barin kututturen itace ya tofo a gona, a rage rassan a bar masu ƙarfi su girma. Da wannan hanya mai arha aka farfaɗo da itatuwa a miliyoyin hekta a kudancin Nijar, kuma sabara da kalgo suna cikin waɗanda suka fi saurin dawowa. Wannan ya yi daidai da abin da Etkin ta gani a Hurumi, cewa gonar manomi ita ce ma'adanar tsirran magani.

Iyakar binciken

Wajibi ne a fahimci inda hujjar ta tsaya. Abin da tsiro ya yi a kwalbar gwaji bai zama shaidar cewa yana warkar da mutum ba. Etkin ta kawo ra'ayi mai tushe a kan yadda abinci ke iya rage kaifin cuta a cikin al'umma, ba ta ce kwaɗon tafasa ko jiƙon dogon yaro ya maye gurbin asibiti ba. Nijeriya ce ke ɗauke da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, kuma ƙananan yara ne suka fi mutuwa. Tun 2005 ƙasar ta bar kulorokwin ta koma ga haɗin magani mai atemisinin, sannan tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin rigakafi wata-wata a lokacin damina a yankin Sahel. Yaron da ya yi zazzaɓi gwajin jini yake buƙata da magani cikin gaggawa.

Haka kuma ƙunar da ke cutar da ƙwayar zazzaɓi tana iya cutar da mai jinin. Masu ƙarancin G6PD, waɗanda suke da yawa a cikin mazan Afirka ta Yamma, jininsu na iya fashewa idan suka haɗu da wasu sinadarai, kuma likitoci sun tabbatar da faruwar haka ga jariran da aka shafa wa lalle. Hausawa sun riga sun faɗa, abincin wani gubar wani.

Inda aka yi gwaji a kan mutane, sakamakon yakan zo da ma'auni. A 2010 masana a Jami'ar Tufts ta Amurka sun ba masu ɗan hawan jini kofi uku na zoɓo kullum har mako shida, jinin ya sauka da kimanin maki 7. Wannan ragi ne mai amfani, sai dai bai kai a ajiye maganin likita ba, kuma zoɓon da aka cika wa sukari wani abu ne dabam.

Darasi ga 'yan kasuwa da ma'aikata

Kayan da Etkin ta rubuta a kansu sun zama haja. Tarayyar Turai ta amince da shigar da garin 'ya'yan kuka kasuwanninta a 2008, kuma bitamin C da ke cikinsa ya ninka na lemun zaƙi sau da dama. Nijeriya na fitar da zoɓo zuwa ƙasashe irin su Meziko, garin zogale kuma ya shiga manyan kantuna. Mai wannan sana'a yana buƙatar abubuwa uku da aikinta ya nanata: tabbatar da ainihin tsiron, sanin hanyar sarrafa shi, da faɗin gaskiya a kan abin da yake yi. Lambar da hukumar NAFDAC ke fara ba maganin gargajiya shaida ce cewa an duba rashin cutarwarsa, ba shaidar cewa yana warkar da cututtukan da aka jera a jikin kwalba ba. Mai saye ya kamata ya san wannan bambanci.

Ga ma'aikatan lafiya, darasin shi ne a tambayi majinyaci abin da yake ci da abin da yake jiƙawa, a kuma yi tambayar ba da sigar tuhuma ba, domin wanda aka kunyata ba zai sake faɗa ba. Ga jami'an gona da gandun daji, kuka da tsamiya da aduwa da ke tsaye a gona kayan abinci ne da na lafiya, sun cancanci shiga lissafi kamar gero da dawa. Ga jami'o'i kuma, akwai aikin da ke jira a Gobir da Zamfara da Katsina, na zama da tsofaffin da aka raba da garuruwansu a rubuta abin da suka sani, da sunayen da suke kiran tsirran a karin harshensu, a kuma ambaci masu ilimin. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta tanadi cewa al'ummar da aka ɗauki iliminta tana da haƙƙi a cikin amfanin da aka samu, kuma ba a iya neman wannan haƙƙi sai an san daga wurin wa ilimin ya fito.